Benaye na tsaye, kuɗi sun tafi: lamarin EquityBuild da masu zuba jari 900

A farkon watan Agustan 2018, mutanen da suka zuba kuɗinsu a EquityBuild, wani kamfanin harkar benayen haya a Amurka, suka sami saƙo ɗauke da faifan bidiyo. Shaun Cohen ne ke magana a ciki, ɗan mai kamfanin, kuma shugaban reshen da ke karɓar kuɗin jama'a yana raba musu ribar wata-wata. Abin da ya faɗa, kamar yadda hukumar SEC mai sa ido kan hada-hadar hannayen jari a Amurka ta kawo a ƙararta, shi ne kuɗin da ake ta biyan tsofaffin masu zuba jari daga aljihun sababbi yake fitowa. Ranar 15 ga watan hukumar ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Shikago. Bayan kwana biyu kotu ta karɓe ragamar kamfanin daga hannun Shaun da mahaifinsa Jerome Cohen, ta damƙa wa wani lauya mai suna Kevin Duff, ta ce ya tattara abin da ya saura.

Alƙaluman da SEC ta bayar ke nan: daga 2010 zuwa lokacin ƙarar, uban da ɗan sun tara aƙalla dala miliyan 135 daga hannun mutane sama da 900.

Abin da ya sa na zaɓi wannan lamari shi ne gine-ginen suna nan. Da a ce fili aka nuna wa mutane a hoto alhali babu shi, da sai mu ce ai laifinsu ne, me ya hana su zuwa su gani? To a nan ko sun je za su gani. Benayen haya ne na jan bulo a unguwannin kudancin Shikago, da lamba a ƙofa, da 'yan haya suna shiga suna fita. Kadarorin da Duff ya karɓa sun haura ɗari. Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya ɗaga kai zai ce gani ya kori ji, ya koma gida hankali kwance. Kuma a daidai wannan kwanciyar hankalin aka ci mutane.

Abin da aka sayar musu

Mai zuba jari a EquityBuild ba bene yake saya ba. Takardar bashi ake ba shi. Bayanin da ake yi masa mai sauƙi ne, shi ya sa yake shiga rai: akwai wani mai saye da ke son wani benen haya, yana neman rance, kai da wasu za ku haɗa kuɗi ku ranta masa, zai riƙa biyanku kuɗin ruwa tsakanin kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari a shekara, bayan ɗan lokaci a maido muku da uwar kuɗinku. Idan kuwa ya kasa biya, ba abin damuwa, domin benen yana jingine da sunanku, kowa da kasonsa gwargwadon abin da ya zuba. Sai a sayar a biya ku.

Ka sa kanka a matsayin wanda bai taɓa harkar gidaje ba. Ka yi shekaru kana tari, kana jin ana cewa dukiyar da ba ta guduwa ita ce ƙasa da gini. Amma ba ka da kuɗin sayen bene kai kaɗai, ba ka san yadda ake fama da 'yan haya ba, ba ka son a tashe ka da tsakar dare don famfo ya fashe a hawa na uku. Sai ga wanda ya ce duk wannan wahalar tasa ce, kai dai ka zauna ka karɓi riba, ga kuma jingina ta tsare maka baya. Ban ga laifin wanda ya saurara ba. Ana saurin cewa kwaɗayi ne ya kai su, amma ni a ganina da yawansu tsoron asara ne ya kai su, domin kalmar jingina ce ta ja su fiye da kashi 12 ɗin. Sun ɗauka sun zaɓi hanyar da ta fi tsaro.

A cewar SEC, wancan mai sayen na daban da ake ambata galibi babu shi. EquityBuild ɗin ne da kansa ya mallaki yawancin gine-ginen. Ke nan wanda ya kawo maka cinikin shi ne mai cin bashin, ɗansa kuma shi ne mai karɓar biya a madadinka. Takardun bashin ma ba a yi musu rajista da hukumar ba.

Yankan farko

Ɓarnar tun ranar farko take farawa, kafin a karɓi hayar ko wata ɗaya. Ƙarar ta ce su Cohen suna zare kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na duk kuɗin da aka zuba, a matsayin ladan da ba su gaya wa kowa ba. Hanyar ɓoye shi kuwa ita ce su faɗa wa masu zuba jari farashin benen sama da abin da suka biya a gaskiya. Bambancin ya shige aljihu.

Bari mu tsaya a nan mu yi lissafi, domin duk labarin a cikin wannan lissafin yake. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai don a fahimta. A ce an tara dala miliyan 1 daga hannun mutane, an ce musu kuɗin benen ke nan. An zare kashi 25, an sayi benen a kan dala 750,000. An yi wa mutanen alƙawarin kashi 15 a shekara, wato dala 150,000, kuma a kan miliyan ɗin da suka bayar ake lissafa shi, ba a kan abin da aka biya wa benen ba. To yanzu benen dala 750,000 ne zai haifi dala 150,000 duk shekara, kashi 20 ke nan na ainihin kuɗinsa. Kuma ba jimillar haya ake nufi ba. Sai an cire harajin gini, an cire inshora, an biya ruwa da ɗumama ɗakuna a garin da sanyinsa ke daskarar da bututu, an gyara rufi, an biya mai kula da gida, an cire watannin da wasu ɗakuna suka zauna babu kowa da na waɗanda suka kasa biya. A ce bayan duk wannan benen ya bar kashi 8, dala 60,000. Saura dala 90,000 kowace shekara, daga ina za su fito?

Wuri ɗaya ne: hannun wanda zai zuba gobe. A cire hular wannan a ɗora wa wancan. Wannan ita ce dabarar da ake kira da sunan Charles Ponzi, wanda asirinsa ya tonu a Boston a 1920, kuma ba ta canza ba tun lokacin. Kowane sabon bene da aka saya ta wannan hanya yana toshe ramin jiya, yana haƙa wanda ya fi shi zurfi.

Akwai ɓarna ta biyu a cikin wannan yankan, wadda ta fi shafar abin da mutanen suka dogara da shi. Jingina tana da amfani ne idan kayan da aka jinginar sun fi bashin daraja. Banki mai hankali ba ya ba da rancen da ya kai cikakken kuɗin gini, yakan bar tazara ko da farashi zai faɗi. A misalinmu kuwa bashin miliyan 1 ne a kan ginin 750,000. Ko a ranar da aka saya aka juya aka sayar, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin mutane ya riga ya tafi. Takardar jinginar da ke hannunsu ta gaskiya ce, da sa hannu da hatimi, amma abin da ke ƙarƙashinta bai kai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ƙaryar tana cikin masu sauƙin kamawa. A Amurka cinikin gini ba asiri ba ne. Ana shigar da takardar mallaka da ta jingina a ofishin rajista na gunduma, kowa yana iya dubawa ya ga wa ya sayar wa wa, yaushe, kuma wa ke bin ginin bashi. Da mai zuba jari ya ɗauki lauya nasa na kansa, ko ya nemi takardar kammala ciniki daga hannun kamfanin da ya shaida cinikin, da sunan mai sayen da farashin sun fito fili. Amma sabon shiga bai san akwai irin wannan ofis ba. Ƙasidar kamfani mai hotuna masu sheƙi ita ce iyakar bincikensa, sai kuma muryar mai talla a waya, wanda ke amsa kowace tambaya cikin fara'a.

Me ya sa aka yi shekaru ba a farga ba

Saboda ana biya. Wata ya ƙare, kuɗi ya shigo asusu. Wani watan ma haka. Babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a zuciyar mutum, kuma babu wadda ta fi ta rauni. Shigowar kuɗi tana nuna akwai kuɗi a wani wuri ne kawai, ba ta nuna daga haya suka fito ba. Wanda ya karɓa sau shida a jere yakan daina tambaya, ya ƙara zubawa, ya kuma gaya wa ɗan'uwansa da abokin aikinsa. Da bakinsa na gaskiya zai yi wa damfarar tallan da ita ba za ta iya yi wa kanta ba, domin shi bai san ƙarya yake yaɗawa ba.

Inda ya kamata a ji wari shi ne lokacin maido da uwar kuɗi. Biyan kuɗin ruwa abu ne da mai irin wannan harka zai iya jurewa, amma maido da uwar kuɗi yana zubar masa da jini. Don haka idan wa'adi ya cika sai a fara lallashi: a ƙara wata shida, ko a mayar da kuɗinka cikin wani sabon bene mai riba fiye da wannan. SEC ta ce haka aka riƙa yi wa masu takardun EquityBuild, ana tsawaita wa'adi ana juya su daga wannan takarda zuwa waccan. A kan takarda dukiyar mutum tana ƙaruwa, a zahiri kuwa an yi masa ɗaurin talala.

A 2017 su Cohen suka sauya salo. Suka koma tallan asusun haɗaka, inda ake ce wa mutane su zuba a sayi gine-gine a gyara, a raba riba mai tsoka. Abin da ba a gaya wa sababbin ba, a cewar ƙarar, shi ne da yawa daga gine-ginen da aka ce asusun zai saya su ne dai waɗanda ke jingine wa mutanen farko. Bene ɗaya, an sayar da begensa sau biyu.

Kada mai karatu ya ce to ni zan je da ƙafata in ƙirga 'yan haya, shi ke nan na tsira. Zuwa yana da kyau, amma ido ma ana yi masa shiri. A wata shari'a daban da ta taso a Amurka a shekarar 2018 ɗin, masu gabatar da ƙara sun zargi wasu da shirya ɗakunan da babu kowa a wani rukunin gidajen haya kusa da Pittsburgh, don masu duba gini da mai ba da rance ya aiko su ɗauka a cike suke. Aka kunna rediyo a ciki, aka shimfiɗa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, aka ajiye takalma. Har aka sa wata mata ta ce wa masu dubawar saurayinta yana barci a ciki, kada a shiga. Rance na sama da dala miliyan 45 ake nema. Idan ƙwararrun da aikinsu ke nan za a iya yi musu haka da rediyo da takalmi, ina ga wanda ya zo karon farko? Jerin sunayen 'yan haya takarda ce da mai gini ke bugawa da hannunsa. Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne bayanin asusun banki na wata goma sha biyu, wanda aka karɓo daga bankin kai tsaye, aka jera shi gefe da gefe da jerin, aka ga ko hayar da aka ce ana karɓa tana shiga da gaske.

Wa ke riƙe da jinginar

Wannan ɓangaren ne na fi son sabon mai zuba jari ya karanta sau biyu, domin shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba.

Idan mutum talatin ko hamsin suka haɗu a jinginar bene ɗaya, ba zai yiwu kowa ya riƙa zuwa karɓar kasonsa ba. Dole a sami wakili guda mai karɓa ya raba, mai ajiye takardu. A tsarin EquityBuild wakilin shi ne EquityBuild Finance, kamfanin da Shaun ke shugabanta. Wato ɗan mai cin bashi shi ne mai tsaron haƙƙin masu bin bashi. An ba kura ajiyar nama, kuma da sa hannun masu naman.

Ga abin da hakan ya haifar. A 2017 wani kamfanin ba da rance mai suna BC57 ya ba EquityBuild bashin sama da dala miliyan 5 a kan gine-gine biyar da suke jingine wa ƙananan masu zuba jari. Kamar kowane mai ba da rance, ya nemi a warware tsohuwar jingina don tasa ta zama ta farko. Aka biya kuɗin warwarewar ta hannun wakilin, aka kawo takardun da ke cewa an saki jinginar. Amma kuɗin bai isa hannun masu jinginar ba, ba su kuma san an yi ba. Suna zaune suna ganin suna da bene a bayansu, alhali an kai takardar da ke cewa sun sake shi.

Da komai ya rushe, sai ga ɓangare biyu a gaban alƙali, kowa da takardarsa, kowa yana cewa shi ne na farko a kan gini ɗaya, kuma dukansu an yaudare su. Sai a 2023 kotun tarayya ta yanke cewa jinginar ƙananan masu zuba jarin ce ke gaba a kan waɗannan gine-gine biyar, domin takardun sakin ba su inganta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2024. Nasara ce, kuma na yi musu murna. Amma a lura da shekarun: daga 2018 zuwa 2024, a kan gine-gine biyar kacal cikin sama da ɗari. Wanda ya zuba abin da ya tanada don tsufansa yana da shekara sittin da biyar, ya haura saba'in yana jiran a tantance ko shi ne na farko a layi.

Tambayar da za ta iya hana wannan gajeriya ce: wa ke da ikon sa hannu a saki jinginata, kuma mene ne tsakaninsa da wanda nake bi bashi? Idan amsar ita ce gida ɗaya suka fito, to duk sauran takardun ado ne. A ciniki mai tsabta hannaye daban-daban ne ke taɓa abin. Mai kimanta darajar gini ba yaron mai sayarwa ba ne. Kuɗin ciniki yana zama a hannun wani na tsakiya har sai sharuɗɗa sun cika. Mai binciken tarihin mallaka daban, mai karɓar haya daban, akanta mai duba littafi a ƙarshen shekara daban. Ana jin wannan kamar ɓata lokaci da ƙarin kashe kuɗi, kuma mai damfara ya san haka, shi ya sa yake tallata cewa a wurinsa komai a ƙarƙashin rufi ɗaya yake. Amfanin yawan hannayen shi ne ƙarya ba ta wucewa sai ta sami haɗin bakin mutanen da ba su da dalilin haɗa baki. A EquityBuild, farashin daga bakinsu ya fito, labarin mai saye daga bakinsu, rahoton wata-wata daga bakinsu, ajiyar jingina a hannunsu. Mai zuba jari yana iya tara takarda cike da jaka, amma duk shaidar mutum ɗaya ce aka maimaita masa.

Ba ina cewa duk mai haɗa jama'a a sayi benen haya ɓarawo ba ne. Harka ce da ake yi da gaskiya, kuma wani lokaci ana yin asara a cikinta ba tare da an ci amanar kowa ba: kuɗin ruwan banki ya tashi, haya ta ƙi tashi, gyara ya ci fiye da yadda aka zata. Mai gaskiya zai gaya maka wannan tun kafin ka sa hannu. Zai nuna maka ladansa a rubuce, nawa a lokacin saye, nawa a kan kulawa, nawa idan an sayar. Zai ba ka sunan bankin da ke bin ginin bashi, ba zai ɓata rai don ka ce lauyanka zai duba ba, ba kuma zai ce maka gurbi biyu ya rage, ka turo kafin Juma'a. Wanda ya ce ribarsa ba ta motsi ko kasuwa ta hau ko ta sauka, yana faɗin abin da benen haya ba ya yi. Haya tana da watan cika da watan rama.

Akwai wasu da ba a cika sa su a lissafin waɗanda aka cuta ba, su ne mazauna gidajen. Kuɗin da aka zare tun farko da wanda aka karkatar don toshe bakin tsofaffin masu zuba jari, a cikinsa ne ya kamata a gyara rufi da matakala da na'urar ɗumama ɗaki. Lokacin da Duff ya karɓi kadarorin ya tarar da kuɗi kaɗan a asusu, ga gine-gine da dama da hukumar birni ke tuhuma da saɓa ƙa'idar gini. Iyalai ne ke kwana a cikinsu, suna biyan hayarsu, ba su taɓa jin sunan SEC ba balle takardar bashi. Wannan ma alama ce da mai zuba jari zai iya gani, domin birnin Shikago yana fitar da bayanan irin waɗannan tuhume-tuhume ga jama'a. Benen da aka ce an tara kuɗin gyaransa, amma shekara na zagayowa takardun tuhuma na ƙaruwa a kansa, yana faɗin inda kuɗin bai je ba.

Duff ya yi shekaru yana sayar da gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, ana ajiye kuɗin kowanne a asusunsa har kotu ta tantance masu haƙƙi a kansa. Daga abin da kowane bene ya kawo ake cire bashin haraji, da kuɗin gyaran da ya zama dole, da ladan lauyoyi da akantocin da suka yi aikin warware ƙullin. Ragowar ita ake rabawa. Ko waɗanda kotu ta ce su ne na farko a layi, abin da suke kan gaba a kansa shi ne kuɗin da benen ya yi a kasuwa ranar da aka sayar da shi, ba adadin da aka rubuta musu a takarda ranar da suka zuba ba.